Gidan da Ya Ce Lafiya Lau

Ƙanena Ilyasu bai samu magani mai ɗorewa ba, don ranar da anka zo gidanmu ƙidayar masu taɓin hankali an ce ma mai ƙidayar babu ko ɗaya. A lokacin shina ɗaure a turu cikin bukkar gonar gero, bayan gari.

Sunana Jibo. Kabu-kabu nike yi a Maraɗi, ina haya a unguwar Zariya, amma gidanmu Jiratawa shike. Can uwarmu Tasalla take, da wanmu Maman Lawali wanda ya riƙe gida tun rasuwar tsohonmu. Ilyasu ne auta. Shina da parsel ɗaya, wato yankin gona, cikin gonakin ruwa na kofaratif, ƙungiyar manoma, kuma a tattasai ban ga wanda ya fi shi hannu ba. Shekarar da anka yi taron ƙasa a Yamai ya fara rashin barci. Daga nan ya ce injin ban ruwa na kiran sunanshi, ya riƙa tsayawa bakin kanal, hanyar ruwan gonakin, shina ba shi amsa. An sha rubutu, an yi turare, an kai shi wajen ƴan bori a ɓoye. Ranar da ya jefi matarshi Rahma da fartanya, Allah ya sa bai same ta ba, anka kira maƙeri ya sa mashi mari. In ya lafa a kwance, in ya tashi a mayar.

Ƙarshen shekarar casa'in da biyu, ana cikin zafin kamfen, wata yarinya ta tsaida ni bakin tasha ta ce tana son moto, wato babur ɗina, na wata biyu ko fi. Sunanta Alisabatu, ɗiyar wani malamin makaranta Kalibu na Tibiri, Kiristoci ne. Tana karatu a jami'ar Yamai, abin da take kira sikoloji, wai ilmin hankali da halin mutum. Jami'ar na rufe saboda yajin ɗalibai, shi ne wani furoje, aikin taimako na turawa, ya ɗauke ta aiki. Furojen na da likita ɗaya da maganin wuri ɗaya. Za su buɗe ɗakin masu ciwon hankali ko a Tibiri ko a Jiratawa, inda anka fi yawan masu ciwon. Aikinta ta ƙidaya ta gaya masu.

Da na ji haka ban yi ciniki ba. Na ce ta hau.

Yarinya ce mai magana a bayan moto, iska na kwashe rabi. Na ce mata wannan aiki bai kai wata biyu ba, ta zauna da mai gari da liman da wanzami, kafin la'asar sun lissafa mata kowa. Ta ce a'a, su za su lissafa waɗanda sunka yi ƙaurin suna ne, masu yawo kasuwa da tsumma, amma matar da ta daina cin abinci tana kuka cikin ɗaki ba mai tuna ta. Ta ce abu na farko da anka koya masu shi ne abin da kowa ya sani ba shaida ba ne, sai an gwada. Na ce to ni na san abu ɗaya ba tare da gwaji ba, ciwon nan da farin wata shike tashi. Ta tambaye ni ko na taɓa lura da ranakun da ya tashi babu wata. Na ce wa ke lura da wannan.

"Ka gani, Baba Jibo? Ka riƙe wanda ya yi daidai da zancenka, ka zubar da sauran. Ni ma haka nike, shi ya sa ba ni yarda da kaina."

Na ce in ita ba ta yarda da kanta ba ni me zai sa in yarda da ita. Ta yi dariya har ta kusa sakin jakarta.

Ga yadda take aikin. Ta bi gari da alli ta sa ma kowane gida lamba. Sannan ta rubuta lambobin a ƴan takardu, a zuba cikin ƙwarya, a ciro wasu. Gidan da ya fito shi take shiga, wanda bai fito ba ko an kira ta ba ta ƙirga shi. Tambayoyinta iri ɗaya ne a kowane gida, ba ta ƙara ko kalma, har ni na hardace su. Akwai wanda barci ya ƙaurace ma a gidan nan? Akwai mai jin maganar da sauran ba su ji? Akwai wanda ya bar aiki ba don ciwon jiki ba? Kuma kafin ta fara sai ta ce wanda bai so ba dole, ba ta rubuta komai sai da yardar mutum ko ta mai riƙe da shi.

Tibiri munka fara. Can aiki ya tafi ba gardama. Garinsu ne, tsofaffi sun san ta tun tana goye, ubanta ya karantar da rabin unguwa. Mace za ta ce mata, ke Alisabatu ai kin san Tamara, shiga ki gan ta. Ba wanda ya ji kunyarta, don ba abin da za a ɓoye mata da ba ta riga ta sani ba. A lokacin ni da ita ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai.

Jiratawa kuwa tun ranar alli gari ya ɗauka. Wasu sunka ce haraji ne za a dawo da shi. Wasu sunka ce wani parti ne ya aiko ta a cire mahaukata daga masu jefa ƙuri'a, har da danginsu. Mai gari ya so ya zaɓa mata gidajen mutanen kirki, ta ƙi cikin ladabi. Don kada wani parti ya ce an yi son kai, ta ce a ciri takardun a fili, ƙofar mai gari, kamar yadda anka yi a Tibiri. Anka samo wani tsoho makaho ya riƙa sa hannu cikin ƙwarya. Duk lambar da ta fito sankira ya faɗe ta da ƙarfi. Ta gidanmu ta fito. Na ce a raina Ilyasu ya dace.

Da na je gida da yamma na tarar da Maman Lawali shina gyaran amalanke.

Ban ga laifin tsoronshi duka ba, ko yau. Dokar kofaratif ita ce wanda bai iya noma parsel ɗinshi a ba wani. Shi da Rahma ke noma ta Ilyasu da sunan Ilyasu, daga nan Rahma da ɗiyarta ke ci. Kwamiti kuwa na hannun ƴan partin da ba namu ba, suna neman kowane dalili. Ya ce kowa a garin ya san Ilyasu ba lafiya, amma ba wanda ya taɓa rubuta shi, kuma kwamiti ba ya iya karɓe gona da zancen baki. Na ce yarinyar ba ta rubuta suna, lamba kawai take sawa. Ya kama hannuna ya ja ni waje ya nuna mani bangon zaure.

"Ga lambar nan, Jibo. Makaho ne kaɗai bai san gidan wa ba ne."

Ya ƙara da cewa shina da ɗiya mata biyu da ake nema, in takarda ta ce akwai hauka a gidan wa zai kawo goro. Na ce ɗan'uwanka na ruɓewa cikin mari kai kana zancen goro. Ya ce ni da ke Maraɗi ina shan iska bisa moto ba ni ke kwana da ihun ba. Munka kusa dambe. Inna ce ta raba mu, kuma ba bayana ta bi ba. Ta ce ita ba ta buɗe ɗanta gaban ɗiyar mutane, baƙuwa ce, a ba ta fura a sallame ta da mutunci. A gidanmu in Inna ta faɗi haka magana ta ƙare.

Ba mu kaɗai ba ne. Kwanakin nan da sassafe sai ka ga amalanke na fita bayan gari an rufe wani da zane, kamar za a kai kaya gona. Kowa ya ga na kowa, kowa ya kau da kai.

Ranar da munka zo an share tsakar gida har ba ka ganin kashin akuya. An shimfiɗa sabuwar tabarma, an dama fura da nono mai kyau wanda mu ba mu sha ba tun salla. Alisabatu ta yi bayaninta, Maman Lawali ya ce bismilla. Wanda barci ya ƙaurace ma? Lafiya lau, alhamdulillahi. Mai jin magana? Ya yi ƴar dariya ya ce Allah ya tsare. Ta nemi ganin Rahma ita kaɗai, anka ce to, amma Inna ta ɗauko faifan zogale ta zauna bakin ƙofar tana tsinka. Rahma ta ce mijinta ya tafi cin rani Najeriya. Idonta na ƙasa. A ƙuryar ɗakin akwai ramin da turu ya zauna shekara guda, an cike shi da sabon yashi mai launi daban. Alisabatu ta kalli yashin, ta kalle ni, ta rubuta abin da anka gaya mata.

Da munka fito ban ɗauki hanyar kwalta ba. Na karya na bi ta cikin gonaki. Ba ta tambaye ni ina za mu ba.

Ilyasu na zaune ƙofar bukka, ƙafarshi cikin mari, marin a jikin gungumen gawo. Ya rame, amma ya gaishe ta da kyau, ya ce ta yi haƙuri babu tabarma. Ya tambaye ta ko an buɗe ruwa a kanal, don injin ya ce mashi ya makara. Ta zauna a ƙasa da zanenta mai tsabta ta ce ba ta sani ba, ya ba ta labarin injin. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta nemi izininshi ta duba ƙafar, inda ƙarfe ya ci fata har ƙudaje sun samu wuri. Ta wanke da ruwan gorarta, ta yage gefen ɗankwalinta ta naɗe ƙarfen.

Da munka koma wajen moto na ce mata ta rubuta shi.

"Mai gidanku ya ce babu. Matarshi ta ce babu. Shi kuma ba shi cikin halin da zai ba ni izini. Na yi ma Maman Lawali alkawari a gabanka, Baba Jibo."

"To bar shi. Ni na san bukkokin da anka kai sauran. Hau in kai ki ɗaya bayan ɗaya, ki ga da idonki."

Ta ce za ta iya zuwa ta gani, amma ba za ta sa su cikin lissafi ba. A Tibiri ba wanda ya ɗauke ta a moto ya nuna mata na ɓoye, kuma can ma ba za a rasa ba. In ta auna Tibiri da ƙwarya ta auna Jiratawa da yatsana, to ba garuruwa biyu ta gwada ba, ta gwada ƙwarya da Jibo ne. Gobe wani mai ƙanen da ba lafiya a Tibiri zai ce an cuce su, kuma shi ke da gaskiya.

Na ce, "Ke kin san lissafin nan ƙarya ne."

"Na sani. In na gyara shi da hannuna ya zama ƙarya biyu, kuma ta biyun ba mai iya gano ta."

Na faɗa mata maganganu marasa daɗi. Na ce ilmin da ya ga mutum a turu ya ce bai gan shi ba, a zuba shi a masai. Ba ta rama ba. Ta ce kuskuren nata ne tun farko: ta yi zaton ta yi ma garuruwan biyu aiki iri ɗaya, alhali a ɗaya ɗiyar gida ce, a ɗaya baƙuwa, kuma ta bari sankira ya gaya ma mutane ranar da za a kalle su. Mutum in ya san ana kallonshi ba shi ba ne, wannan ma an koya masu, ta ce, a littafi dai. Abin da za ta yi shi ne ta rubuta ma masu furoje da baƙaƙe cewa lambar Jiratawa ba abin dogaro ba ce, ta roƙe su a sake duka biyun, da wasu masu tambaya, ba alli ba sankira.

Ta rubuta, na sani, don ni na kai ta ofishinsu a Maraɗi na jira ta ƙarƙashin dogon yaro. Ta fito idonta ja. Sun ce sun gode da gaskiyarta. Amma zaɓe ya matso, ba su san abin da zai biyo baya ba, manyansu na can waje na jiran suna ɗaya kafin ƙarshen wata, kuma lamba ta nuna Tibiri. Shugaban ya ce mata ba ya iya aika ma manyanshi labarin yashi a ƙuryar ɗaki.

Da labari ya iso Jiratawa, mutanen da sunka tura amalanke da hannunsu su ne sunka fara cewa ɗiyar Kirista ta kai ma garinsu Tibiri ɗakin maganin. Maman Lawali ma ya faɗa, a gabana, bai ji komai ba. Ta zo sau ɗaya ta duba ƙafar Ilyasu, mata sunka bi ta da habaici tun daga rijiya har bakin hanya. Da anka buɗe jami'a ta koma Yamai. Ban sake ganinta ba.

Da ɗakin Tibiri ya fara aiki na je na kwance Ilyasu ba tare da na nemi izinin kowa ba. Na ɗora shi bayana na ɗaure mu tare da rawani, munka ratsa Maraɗi mutane na kallo. Ma'aikacin da ke wurin mutumin kirki ne. Ya ce mani maganin an auno shi ne da yawan mutanen da ƙidaya ta nuna a ƙasar Tibiri, kowane wata haka ake aiko shi, na Jiratawa ba su ciki. Na ce ni ban zo gardama ba, ga shi nan ka gan shi. Ya daɗe shina kallon ƙafar. Ya shiga ciki ya fito da magani cikin ƴar leda, na wani tsoho da ya rasu bai shanye ba, ya ce kada in gaya ma kowa.

Da ban karɓi ledar nan ba wataƙila da abin ya fi mani sauƙi. Ilyasu ya yi barci kamar an zare mashi rai. Bayan ƴan kwanaki ya tashi ya nemi ruwan wanka. Ya ɗauki ɗiyarshi ya ce ta yi nauyi. Ya nemi gafarar Rahma a kan fartanya, ashe shina tune. Ya je parsel ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce ma Maman Lawali wa ya koya mashi dasa tattasai a matse haka kamar masu sallar idi. Inna ta yi dariya har da hawaye. Rannan ba wanda ya kalli wani ido da ido a gidan, don kowa ya ga irin maganin da munka kora ranar da munka sallami Alisabatu da fura.

Ledar ta ƙare. Ma'aikacin ya taimaka mani sau biyu bayan nan, da abin da ya ragu. Sai anka karya darajar kuɗinmu sefa a farkon casa'in da huɗu, abin da furoje ke saye ya koma rabi, mutanen Tibirin kansu sunka fara komawa gida hannu banza. Na je farmasi a Maraɗi na ji kuɗin, na san ko na daina ciyar da iyalina moto ba ya ɗaukar wannan kowane wata. Na sayi abin da na iya, muna rabawa biyu, muna tsallake rana. Bai riƙe ba.

Wata safiya na iso gida na tarar da shi zaune a zaure da marin bisa cinyarshi. Shi ya je ya ɗauko shi daga rumbu. Hankalinshi na nan sarai a lokacin.

"Yaya, injin ya fara. Kira maƙeri tun ina iya miƙa ƙafa da kaina. Kada in taɓa yarinyar nan."

Na kira maƙeri.

Parsel ɗin da anka ɓoye Ilyasu dominta ba ta daɗe hannunmu ba. Bayan zaɓe anka sake kwamiti, sababbin ba su nemi wata takarda ba, sun ce kowa ya san Ilyasu ba shi noma, sunka ba wani nasu. Rahma ta yi haƙuri har inda ta iya, sannan danginta sunka zo sunka tafi da ita da yarinyar. Da soja sunka karɓi mulki a casa'in da shida turawan sunka naɗe kayansu, ɗakin Tibiri ya koma wurin ajiyar buhuna.

Ilyasu bai sake fita daga mari ba. Ƙarfen ya koma kan tsohon gyambon, Inna na wankewa da ruwan bagaruwa tana naɗa tsumma, shina cirewa. Da wari ya kai zaure munka kai shi likita a Maraɗi, sunka yanke ƙafar daga gwiwa. Munka dawo da shi gida ba mari, don ba inda za a sa shi kuma ba inda za shi. Ya rasu kafin a yanke gero, bai cika arba'in ba.